Nawa za ku iya biya a kawo muku sif ɗin kwali har gida?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema kafin in tura kuɗi in zo ina cizon yatsa. Bikin 'yata ta fari saura sati 5, muna ta fama da kayan ɗaki, gado da katifa da kujeru duk an gama alhamdulillah, sif ne kaɗai ya rage. Sai yarinyar ta nuna min wani a Instagram, irin wanda yake zuwa a kwali gunduwa-gunduwa sai an kawo gida a harhaɗa, mai ƙofa 4 da madubi a tsakiya, fari tas, gaskiya ya yi kyau ba ƙarya. Kuɗinsa 310,000, na ce to za mu lallaɓa. Har na karɓi lambar akawun sai mai kayan ta ce min ai kuɗin kawowa daban ne, 28,000 zuwa Rigasa, in kuma ina so yaransu su haɗa min sai in ƙara 15,000. Shagon nan fa a cikin garin Kaduna yake, ba Legas ba ba Kano ba. Wallahi raina ya ɓaci, na riga na faɗa wa babanta 310 ya ba ni, yanzu da wane baki zan koma in ce masa saura 43,000? Ku a ganinku nawa ya kamata mutum ya biya a kawo masa irin wannan kaya har gida?

Amaryar Bana: Wa alaikumus salam Mama, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. 28 kam ta yi yawa gaskiya. Ni nawa 12,000 na biya daga cikin gari zuwa Unguwar Dosa, kuma har da madubi da durowar gefen gado.

Ɗan Malali: Ni ƙa'idata ɗaya ce, kuɗin kawowa in ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin kaya na fasa. A kan 310 ba zan wuce 15,000 ba. In sun ƙi sai in nemo mota da kaina.

Mai A-kori-kura: Hajiya Allah ya sanya albarka. Ni sana'ata ke nan shekara 11 ina ɗaukar kaya a garin nan, bari in faɗi abin da na sani. Yallaɓai Ɗan Malali lissafinka na kashi 5 motata ba ta san shi ba, ita mota nisa ta sani da nauyi da hanya. Ko kayan na 50,000 ne ko na miliyan ne man da zan ƙona ɗaya ne. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai 200 ba, ana cire tallafi cikin kwanaki ta haura 500, ƙarshen 2024 kuma kowa ya ga yadda ta wuce 1,000, taya da baƙin mai da kayan gyara duk suka bi ta. Kuma abin da mutane ba sa sakawa a lissafi shi ne dawowa, in na kai kaya Rigasa yawanci fanko nake dawowa, to man dawowar wa zai biya? Sannan Unguwar Dosa da Rigasa ba ɗaya ba ne ƙanwata Amarya. Babban titin da ya tafi tashar jirgin ƙasa lafiya lau yake, amma da ka sauka cikin lungu a watan Agusta labari ya canza, akwai inda sai dai in tsaya bakin masallaci a nemo 'yan dako ko mai baro su ƙarasa da kayan.

Ɗan Malali: To Malam direba tsakani da Allah kai nawa za ka ɗauka?

Mai A-kori-kura: Daga wajen Ahmadu Bello Way zuwa Rigasa in gidan yana kusa da kwalta, ni da yarona, 15 zuwa 18 zan ɗauka in sauke a ƙofar gida. Shigarwa ciki daban, bene kuma daban. Amma fa in wani abu ya fashe a hanya ba ni da kuɗin biyan madubin sif, wannan gaskiya nake faɗa tun yanzu.

Maman 'Yan Biyu: To ka ji, 18 da 28 ai akwai rata, 10,000 ɗin ta mece ce?

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Yaya ki yi haƙuri in shigo, ba ni ce mai shagon da kika je ba amma irin sana'armu ɗaya, ina sayar da su shekara 6 yanzu. Wannan 10,000 ɗin da kike tambaya ita ce maganar ƙarshe da direba ya faɗa, wato in ya fashe wa zai biya. In ni na turo mota to kayan nawa ne har sai sun shiga hannunki. Bara an kai wa wata sif Narayi, an tsallaka kogi lafiya an zo daf da gida mota ta faɗa rami, madubi ya tsage daga sama har ƙasa, kusurwar ƙofa ɗaya ta fizge. Direba ya ce ƙaddara ce, kwastoma ta ce ita ba ta karɓi fasasshe ba, kuma tana da gaskiya, ni na sake yanko madubi na sake ƙofa na sake biyan mota karo na biyu, ribar sif uku ta tafi a nan. Tun daga ranar nake ɗora wani abu a kan kuɗin mota, in kuma haɗa direba da yarona mai riƙe kaya, mu sa soso a kusurwoyi mu lulluɓe da tamfol. Inda ban goyi bayan 'yar'uwata ba shi ne ɓoye kuɗin har sai an zo tiransifa. Wannan kuskure ne, kuma mu masu sayarwa mu ne muke cutuwa da shi, don mutum in ya ji an shammace shi ko 2,000 ce sai ya fasa cinikin gaba ɗaya.

Uwargida Barnawa: Hajiya kin faɗi gaskiya. Ni ba kuɗin ne ke ɓata min rai ba, shammatar ce. Sau nawa nake cika kwando a manhajar sayayya, in zo wajen biya in ga kuɗin kawowa ya fito, in rufe waya in kwanta.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Wallahi Anti na gwada da kaina. Teburin talabijin iri ɗaya, na rubuta 95,000 kawowa 10,000, sati biyu mutane na tambaya suna ɓacewa. Na sauke na rubuta 105,000 za a kawo har gida kyauta cikin Kaduna, a sati ɗaya guda huɗu suka fita. Kuɗin ɗaya ne fa, amma mu mutanenmu mun saba da gyara, ko tumatir ka saya a kasuwa kana so a ɗora maka biyu a kai, to kawowa kyauta kamar gyara ake jin ta. Sai dai abin yana damuna, don wadda take Unguwar Rimi kusa da ni ko wadda ta zo da motarta ta ɗauka ita ma ta biya wannan 10,000 ɗin ba ta sani ba, ta tallafa wa na Rigachikun da na Gonin Gora. Shi ya sa yanzu in mutum ya zo ɗauka da kansa nake cire masa ko bai tambaya ba, ina tsoron haƙƙi.

Ɗan Malali: Allah ya saka da alheri Hajiya, ba kowa ke yin haka ba.

Kafintan Panteka: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, Hajiya Maman 'Yan Biyu ni kafinta ne a tsohuwar Panteka nan kusa da Poli, kuma kusan duk wata sai an kira ni gyaran irin wannan sif ɗin, don haka ki saurare ni da kyau. Na farko mutane suna jin kwali sai su ɗauka abu ne mara nauyi kamar kwalin taliya. Falle ɗaya na MDF, wato allon da ake yin irin wannan sif da shi, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kauri mili 18, yana kai kusan kilo 40. Sif mai ƙofa 4 yana cin falle da yawa, in ka haɗa kwalayen sun fi buhun siminti biyu nauyi, wani ma ya kai uku, kuma dogaye ne, gefen sif ya fi mutum tsawo. Ba abin da za a cusa a Keke Napep ba ne, na ga wanda ya gwada, rabin kwalin a waje yana lilo, kafin a iso Kinkinau allon gefe ya karye a tsakiya, kuma wannan katakon in ya karye ba ya ɗinkuwa. Na biyu ruwa. Allon nan garin katako ne aka matse da gam, in ruwan sama ya taɓa bakinsa inda ba a rufe da tef ba sai ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, kuma ba ya komawa. Motar da ba ta da tamfol a wannan damina ko kyauta ce kada ki yarda. Na uku kuma shi ne babba, haɗawa. Wannan 15,000 ɗin da kike gani kamar ƙari ne, a wajena ta fi 28 ɗin muhimmanci. Akwai wasu notina masu juyawa da suke kama allo da allo, in yaro bai sani ba ya matse da ƙarfi sai ramin ya fashe, shi ke nan wajen ba zai sake kamawa ba. In ba a daidaita shi da awo ba kafin a buga allon baya, ƙofofi ba za su haɗu ba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, amarya ta yi ta fama har shekara. Mutum biyu da suka iya sai su yi awa 3 zuwa 4 a kan irin wannan.

Amaryar Bana: Baba kafinta wallahi kamar ka shiga ɗakina. Nawa ƙannen angon ne suka haɗa da sukundireba ranar jere don a rage kuɗi, har yau ƙofar tsakiya ba ta rufuwa sai na sa takarda. 12,000 ɗin da na faɗa a ƙofar gida kawai aka sauke aka tafi, na manta ban faɗa ba.

Kafintan Panteka: 'Yata ba babban abu ba ne in hinji ne, akwai sukurori a jikinsa da ake juyawa a ɗaga ƙofa ko a matso da ita, kowane kafinta zai yi miki cikin minti 20. In kuma jikin ne ya karkace sai an cire allon baya an sake.

Ɗalibi a Ingila: Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ɗan Tudun Wada ne ina karatu a nan, kuma kusan duk abin da ke ɗakina irin na kwalin nan ne, shi ya sa muhawarar ta ja hankalina. Kamfanin da ya yi suna da wannan tsarin IKEA ne na ƙasar Suwidin, Ingvar Kamprad ya kafa shi a 1943, kuma wajen 1956 ne wani ma'aikacinsu Gillis Lundgren ya cire ƙafafun tebur don ya shiga mota, daga nan abin ya bazu. Asalin hikimar ita ce kamfani ya huta da ɗauko iska a cikin mota, don sif haɗaɗɗe cikinsa fanko ne amma ya cinye wuri, sai a ba ka shi a shimfiɗe da araha, kai kuma ka ɗauka da motarka ka haɗa da hannunka da ɗan alanki, wato ƙaramin ƙarfen ɗaure sukurori, da suke sakawa a leda. Wato arahar ladan wahalarka ce. Su ma a nan in kana so a kawo maka sai ka biya, in kana so a haɗa maka ka sake biya, har IKEA ta sayi kamfanin TaskRabbit, mai haɗa mutane da masu aikin hannu, a 2017 saboda masu neman a haɗa musu. Bambancin kawai tun kafin ka biya kana ganin komai a rubuce, kuma ƙaramin kaya da babban kaya kuɗinsu ba ɗaya ba. Abin da nake gani a gida shi ne mun ɗauko kwalin amma ba mu samu arahar ba, IKEA ba ta da shago a Najeriya, a Afirka Masar da Maroko na sani, mu namu ko an shigo da shi ta Legas da kuɗin dala ko an yanka a nan, sai ka ga kuɗinsa ya kamo na kafinta ko ya fi, sannan a ce ka biya kawowa ka biya haɗawa. Dole Mama ta ji zafi.

Ɗan Malali: To ai maganar ke nan. In ba araha me ya sa ba za a je Panteka a yi na katakon gaske ba?

Uwargida Barnawa: Saboda bene Malam. Ni hawa na biyu nake haya, matattakalarmu ƙunci ga kwana, sif ɗina na aure na katako mai kyau da babana ya yi min bai hau ba, aka yi aka yi har aka kankare bango, ƙarshe yana gidan yayata a Kakuri. Na kwalin nan allo-allo aka hau da shi. Kuma maigidana ma'aikaci ne, an taɓa mayar da mu Zariya aka dawo da mu, duk wanda yake yawon haya ya san amfaninsa. Ni na biya 30,000 kawowa da hawa bene da haɗawa kuma ban yi da-na-sani ba ko kaɗan, don ina zaune da jariri a hannu suka gama suka share ƙurar suka kwashe kwalayensu. A ce min in je bakin kasuwa neman mota, in yi ciniki da direba, in yi ciniki da 'yan dako, in nemo kafinta, kowa da ranar da zai zo, wallahi na gwammace in biya.

Kafintan Panteka: Hajiya gaskiya ne maganar bene, mu ma yanzu muna yin wanda ake kwancewa saboda haka. Sai dai ki sani na kwali kwancewa ɗaya ko biyu yake jurewa, na uku ramukan sukurori sun buɗe. In za a tashi ki kira wanda ya iya, a zuba notinan a leda a rubuta lamba a bayan kowane allo.

Baban Gida Kawo: Ni abin da ya same ni ya fi na kowa, ku bari in faɗa don wani ya tsira. Teburin karatu da kantar littattafai na saya wa yara daga wani mai sayarwa a Legas, ya ce kawowa Kaduna 20,000, na ji daɗi na biya duka. Bayan kwana 9 sai ga waya wai kayana sun iso tasha a Mando in zo in ɗauka. Na ce ba gida muka yi da ku ba? Ya ce shi Kaduna ya ce bai ce Kawo ba. Na je na tarar da kwalaye a ƙasa an ɗora musu buhuna, aka ce sai na biya kuɗin sauke kaya da na ajiya, na sake ɗaukar mota, kafin in shiga gida wata 14,000 ta fita. Da muka buɗe kuma ledar sukurori babu, allo ɗaya ya sha ruwa. Na kira na kira ya daina ɗauka. Don haka Hajiya kafin ki yi maganar nawa, ki fara tambayar har ina. Tasha ce, ƙofar gida ce, ko cikin ɗakin amarya? A rubuta miki a WhatsApp ba da baki ba.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi, Allah ya mayar maka da alheri Alhaji. Wallahi ban ma yi tunanin wannan tambayar ba, ni dai na ji 28 hankalina ya tashi.

Mai A-kori-kura: Alhaji wannan kullum muna gani. Kuma don Allah masu saye ku riƙa faɗin gaskiyar wuri, sai a ce maka bakin titi ne ka je ka tarar sai ka tsallaka kwata biyu, ko a ce ƙasa ne ka tarar da bene. Rigimar da ake yi a ƙofar gida rabinta daga nan take.

Ɗan Malali: Na ji bayanan kowa kuma na sauko daga kashi 5 ɗin, amma har yanzu ina nan a kan cewa 43,000 a kan kayan 310 ta yi yawa. Kuma shagon da ya ci riba a kan sif bai kamata ya sake neman riba a kan mota ba. Ya karɓi abin da ya kashe kawai.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki: Ban ƙi taka ba Malam. Yaya ga yadda za ki yi, ki kira ta kada ki yi ta rubutu, ki ce kayan aure ne kuma kina da wasu 'ya'yan a baya, ki nemi kuɗi ɗaya dunƙule na kawowa da shigarwa da haɗawa. Yaran da za su haɗa ai su ne za su bi motar su sauke, bai kamata a caje ki 'yan dako daban ba, a nan ragin zai fito. Kada ki biya duka, ki ba da kafin alƙalami ki riƙe wani abu sai an haɗa kin buɗe kowace ƙofa kin ja kowace durowa. Kuma kada ki bari sai ranar jere, ranar ɗaki cike yake da mata ba wajen shimfiɗa allo, a kai shi kwana 3 ko 4 kafin nan.

Kafintan Panteka: A ƙara da wannan, a auna tsawon ɗakin daga tayil zuwa silin kafin a kawo, don a kwance ake haɗa wani sannan a ɗaga, in silin ya yi ƙasa ba zai miƙe ba. A bar ɗan tsakani da bango saboda danshi, kuma a ce wa amarya in tana mofin kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa. In akwai ƙarfen da ake ɗaure shi da bango a cikin ledar a sa shi, saboda yara masu hawa durowa.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira ta kamar yadda Hajiya ta ce, da farko ta tsaya a 43, na ce mata to zan turo motata in nemo kafintana, sai ta ce in na ɗauka da kaina ba ruwanta da abin da ya fashe, na ce na sani, amma ita ma ta san ba ta faɗa min kuɗin nan tun farko ba. Ta yi shiru ta ba ni haƙuri, mun tsaya a 33,000 duka, har cikin ɗaki, su haɗa, in wani abu ya lalace a hanya nata ne, kuma ta rubuto min haka. Na tura 250 saura 93 sai an gama. Babanta ma da na nuna masa bayanin Baba kafinta bai yi faɗa ba, ya ce shi zai cika. Alhamis da safe za su kawo kafin hadari ya haɗu, ƙanin ango zai tsaya musu a bakin titi ya nuna musu lungun. Baba kafinta na sa an auna, daga ƙasa zuwa silin ƙafa 9 ne da ɗan kai, sif ɗin kuma ta ce ƙafa 7 ne, zai miƙe ko?

Kafintan Panteka: Zai miƙe Hajiya har da sarari. A dai cire fankar sama ko a kashe ta a ɗaure kafin su ɗaga.